Ina son fara ɗaga ƙarfe amma tumbi nake son saukewa, wane tsari zan bi?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 34, ina da shago a Kantin Kwari, kuma daga safe har la'asar a zaune nake, sai dai in tashi sallah ko in sauko wa mai saye da bandir. Satin jiya na hau sikeli a wani kemis na ga kilo 96, alhali lokacin aurena 78 nake. Abin da ya fi ƙona min rai, na kai ɗinki, tela ya auna ni, ya duba littafinsa na bara, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, sai an ƙaro yadi."

Na yi rajista a wani gidan motsa jiki da ke Zoo Road. Ranar farko wani matashi mai ƙwanji ya rubuta min jadawalin kwana shida a sati: Litinin ƙirji, Talata baya, Laraba kafaɗa, haka har Asabar. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce kar in kuskura in taɓa ƙarfe sai na zubar da kilo 15 da gudu, wai in ba haka ba kitsen zai daskare a jikina. Kaina ya ɗaure. Wanne zan bi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye takardar nan ta kwana shida. Wanda ya rubuta maka ita nasa tsarin ya kwafa maka, shi kuwa ya yi shekaru yana yi, wataƙila ma ba shi da shago ba shi da iyali. Kai ranar da kaya suka iso daga Legas ka fasa zuwa, shi ke nan ƙirji ya sha hutun sati biyu.

Na fara ina da kilo 101, kuma abin da ya yi min aiki kwana uku ne: Asabar, Litinin, Laraba, kowace rana a taɓa jiki gaba ɗaya. Tsuguno da nauyi, tura ƙarfe kana kwance a benci, jawo nauyi zuwa ciki kana sunkuye, tura shi sama da kai, sai ɗago shi daga ƙasa ba tare da ka lanƙwasa bayanka ba. Kowanne zagaye uku, sau 8 zuwa 12. Minti 45 ka gama. Ka fara da sandar ƙarfen zalla, ba tare da faifan nauyin da ake zura mata ba, babbar nan kilo 20 ce ita kaɗai, in ta yi maka nauyi ka ɗauki ƙananan na hannu. Kar ka ji kunyar yaran da ke loda faifai suna ihu. Ranar da ka ga kana yin 12 ba tare da jikinka ya karkace ba, ƙara kilo biyu da rabi. Ka sayi ɗan littafi irin na bashi ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga, don ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya.

Zancen kitse ya daskare kuwa, babu shi. Kitse daban, tsoka daban, ɗaya ba ya rikiɗa ya koma ɗaya. Hasali ma wanda ya rage ci bai ɗaga komai ba, har da tsokarsa yake zubarwa, sai ka gan shi ya yamutse kamar wanda ya tashi daga jinya.

Na-Fagge: Haba Alhaji, tumbin da ake kira shaidar naira shi za ka rabu da shi? In ka rame 'yan Kwari za su ce karayar arziki ce.

Maman Ilham: Ɗan uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kafin ka sa ƙarfe a kafaɗa ka je a auna maka hawan jini da suga. Hawan jini ba ya sallama, da yawa ba su san suna da shi ba, kuma riƙe numfashi lokacin ɗaga abu mai nauyi yana ƙara hawar da shi a wannan lokacin. Ka riƙa fitar da numfashi sa'ad da kake turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, da kwana biyu ko fiye na ƙarfafa tsoka, ka ga tsarin Baban Khalifa ya shiga ciki in ka haɗa da tafiya. Ciwon jikin da za ka ji kwana ɗaya zuwa uku bayan farawa ba komai ba ne. Amma zafi a cikin gwiwa ko ƙugu kamar an soka allura, wannan a tsaya.

Abban Sadiq: Ni fa ban yarda sai da ƙarfe ba. Tafiya kawai na riƙe, kullum bayan asuba, ranar Lahadi in hau Dala, kuma na sauke kilo 9.

Baban Khalifa: Abban Sadiq, ba musu, tafiya tana aiki, ni ma ita nake yi a ranakun hutu. Amma faɗa mana gaskiya, me ka daina ci?

Abban Sadiq: To, lemon kwalba da shayin dare. Ka kama ni.

Malam Na-Gwale: Yauwa, an zo wurin. Alhaji, tumbinka a bakin shago ka tara shi, can kuma za ka sauke shi. Robar Coca-Cola ta rabin lita tana da suga sama da giram 50, wajen ƙaramin cokali 13 ke nan. Na san zaman kasuwa: baƙo ya zo a aiko da lemo, ka taya shi sha, wani ya zo ka sake. Ga mai shayi da daddare, Indomie biyu da biredi da madara har cokali ya kusa tsayawa a kofi.

Ba cewa na yi ka zauna da yunwa ba. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su ƙaru. A garau-garau wake ya fi shinkafa yawa, mai kuma cokali ɗaya. Ƙwai, kifi, nono marar suga, alala, kwaɗon zogale, su za su riƙe maka ciki su gina tsoka. Awara tana da kyau, sai dai soyayyar tana shan mai sosai. Rabin kilo a sati ya isa, kar ka nemi fiye. Kuma sikeli zai iya tsayawa cak a makonnin farko alhali wando yana sakewa, don haka ka ari tef ɗin telan nan naka ka riƙa auna daidai cibiya duk ranar Juma'a da safe. Shayin rage tumbi da bel ɗin gumi da ake tallatawa, ka bar kuɗinka a aljihu. Gumi ruwa ne, kana shan randa ya dawo.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je awon jini, Asabar in fara kwana ukun bayan asuba kafin rana ta buɗe. Na riga na ce wa yaron shago daga yau baƙo a kawo masa lemo, ni a kawo min ruwa. Saura Hajiya a gida, ban san yadda zan ce mata a rage min tuwo ba ta ɗauka girkinta na raina ba.

Maman Ilham: Ka bari sai ka cinye malmalar farko ka yaba miyar tukuna, sannan ka nuna mata takardar awon.