Kemistiri da labarin ƙasa a gida: littattafan Amurka sun isa cin WAEC?

Uwar Biyu: Salama 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake. Ana tashi daga sujada wata ta tare ni a gaban mutane, wai na cuci 'ya'yana da na cire su daga makaranta. Ni da maigida muke koyar da su, kemistiri da labarin ƙasa duk da littattafan Abeka da BJU (kamfanonin buga littattafan makaranta na Kirista) da aka aiko mana daga Amurka. Littattafai ne masu tsabta, kowane babi ya san da Mahalicci. Ina nan a kan bakana: da su kaɗai babbar 'yata za ta ci WAEC.

'Yar Zumunta: Masu tsabta? To mu da namu ke makarantar gwamnati, ƙazanta muke ɗura musu ke nan?

Uwar Biyu: Ni ban kama sunan kowa ba.

Malamin Kimiyya: Mama, kemistirin ba zai ba ki matsala sosai ba, gishiri NaCl ne a Florida, NaCl ne a Bukuru. Amma tunda a gida take, jarrabawar WAEC ta ɗalibai masu zaman kansu za ta zauna, wadda muke ce wa GCE. A can gwajin sinadarai ma a takarda ake yi, sai dai yarinyar da ba ta taɓa ɗiga asid har ruwa ya sauya launi a idonta ba, hadda kawai za ta yi. Labarin ƙasa ne babban rami. Za a miƙa mata taswira ta auna nisa, ta gane tudu da kwari. Za a tambaye ta kwal na Enugu, kuzar Jos, madatsar Kainji, iskar hunturu, haɗuwar Kwara da Binuwai a Lokoja. Littafin da aka rubuta wa ɗan Amurka ba don wannan jarrabawar aka yi shi ba. Ki haɗa da manhajar WAEC da tambayoyin shekarun baya.

'Yar Zumunta: Malam, kada ka rufe zancen da Lokoja. A janye kalmar tukuna.

Dattijo: Ba abin janyewa. Tun da gwamnati ta ƙwace makarantun mishan a shekarun 1970 tarbiyya ta tafi. Mu da muka yi na mishan mun san me ake kira tsabta.

'Yar Zumunta: Baba, da girmanku. 'Ya'yanku biyar duk wace makaranta suka gama?

Ɗan Bukuru: Ni tambayata ɗaya. Littattafan nan suna koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara dubu kaɗan ba, wajen 6,000. Masana duwatsu sun ce biliyan 4.5, duwatsun da ake haƙar kuza a gindinsu ma sun haura shekara miliyan 150. In tambaya ta zo, wanne za ta rubuta?

Dattijo: Yaro, je ka karanta Farawa sura 1.

Ɗan Bukuru: Na karanta, Baba. Ku ma ku duba 2 Bitrus 3:8, rana ɗaya kamar shekara dubu ce a wurin Ubangiji.

Dattijo: Irin wa'azin cocinku ke nan.

Ɗan Bukuru: Wane cocinmu? Layi uku ne tsakanin kujerata da taku ran Lahadi.

Inna Mai Shago: Ku bar wahalar da kanku, tsabtar nan da dala ake sayenta. Mai dala ya yi wanka, mu mu yi ta zama da dauɗarmu.

Uwar Biyu: Kyauta aka ba mu! Hassada dai ba ta da magani.

'Yar Zumunta: Ga ta biyu. Ɗazu ƙazamai, yanzu mahassada.

Malamin Kimiyya: Akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kuwa?

Mai Kula da Zaure: An rufe wannan magana. A taƙaice, kusan kowa ya yarda cewa karatun gida ya fi tarbiyya, kamar yadda Baba ya bayyana, kuma ni ma haka nake yi da nawa. 'Yar'uwarmu ba ta zagi kowa ba, wasu ne suka zo da fushinsu tun daga gida. Malam, a riƙa gajarta rubutu. Ɗan Bukuru, ka ba Baba haƙuri kafin Lahadi. Mai tsofaffin littattafan Abeka na sayarwa ya neme ni ta gefe.