Wai me ma'aikatan ofishin jakadanci suke yi daga safe zuwa yamma?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da muke gani a labarai shi ne jakada ya miƙa takarda ga shugaban ƙasa, ko an ɗauke shi hoto a wajen walima. To sauran kwanakin fa, me ake yi? Kuma idan ɗan ƙasa ya shiga matsala a waje, a ce an kama shi a Jidda ko fasfonsa ya ɓata, ina iyakar abin da ofishin zai iya yi masa? Waɗanda suka san harkar su taimaka.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Miƙa takardar kama aiki da kake gani ma ƙarshen doguwar hanya ce. Kafin a tura jakada, sai an aika sunansa a asirce ga ƙasar da za shi, ta ce ta amince, kuma tana da ikon ƙin amincewa ba tare da ta faɗi dalili ba. Wannan yana cikin yarjejeniyar Vienna ta 1961, wadda ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Yawancin aikin yini rubutu ne. Jami'in sashen siyasa zai karanta jaridun ƙasar da safe, ya gana da mutanen ma'aikatar harkokin wajensu da takwarorinsa na wasu ofisoshin, sannan ya rubuta wa Abuja rahoto: ga abin da ya faru, ga dalilinsa, ga yadda ya shafe mu. Na sashen ciniki yana bin dokokin kwastan da bajekolin kayayyaki, yana haɗa 'yan kasuwa. Akwai mai kula da kuɗi da albashi da hayar gidaje, akwai hafsan soja mai kula da hulɗar tsaro. Idan minista zai zo ziyara, makonni ake yi ana tsara wa zai tarbe shi, wace mota, wa zai zauna kusa da wa.

Kuma duk wata magana ta hukuma sai ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, a rubuce da hatimi. Jami'i ba ya tashi kai tsaye ya tafi ofishin 'yan sanda yana ba da umarni. Nan ne jinkiri yake shigowa, domin takarda kan kwana a tebur.

Ko babu jakada aiki ba ya tsayawa. A watan Satumban 2023 Najeriya ta kira jakadunta gida, manyan jami'ai suka ci gaba da riƙon ofisoshin. Illar ita ce mai riƙo ba ya samun ganin manya cikin sauƙi kamar cikakken jakada.

Hajiya Turai:
Ɗan Fagge, ɓangare na biyu na tambayarka aikin sashen kula da 'yan ƙasa ne, kuma yarjejeniyarsa daban ce, ta 1963. A Saudiyya babban ofishinmu yana Riyad, amma nauyin jama'a ya fi faɗawa kan ƙaramin ofishin Jidda saboda Makka da Madina.

Idan an kama mutum, sashe na 36 na wannan yarjejeniya ya ba shi haƙƙin ya ce a sanar da ofishin ƙasarsa, kuma wajibi ne hukuma ta sanar ba tare da ɓata lokaci ba. Ka lura, sai ya nema. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su yi shiru, 'yan uwa a gida su yi ta neman su. Bayan sanarwa, jami'i zai iya ziyartar sa, ya ji ta bakinsa, ya duba ko yana samun magani, ya taimaka a samo lauya, ya nemi a kawo tafinta, ya isar da saƙo ga iyali. Abin da ba zai iya ba: fitar da shi daga kurkuku, sauya hukuncin alƙali, ko tsayawa a matsayin lauyansa. Maganar tafinta tana da muhimmanci ƙwarai, domin sa hannu a kan takardar Larabci da mutum bai fahimta ba yana iya zama amsa laifi. In kuma mutum yana da shaidar zama ɗan ƙasar da ta kama shi, sau da yawa sai su ce nasu ne, su hana ziyara.

Game da fasfo, a fara da kai rahoto wajen 'yan sanda a karɓi takarda. A je ofis da ita, da hotuna, da kwafin tsohon fasfo in akwai, da lambar NIN. Jami'an Hukumar Shige da Fice da ke ofishin su ke da wannan aiki. Mai gaggawa ana ba shi takardar tafiya ta wucin gadi da ake ce wa ETC, wadda ta komawa gida ce kawai, tafiya ɗaya, ba a zuwa wata ƙasa da ita. A Saudiyya kuma ita kaɗai ba ta isa ba, sai Jawazat, wato hukumar fasfo ta Saudiyya, sun buga izinin fita, in akwai tara ko ƙarar kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, sai an warware.

Inda ake shan wuya shi ne wajen wanda ba shi da takarda ko ɗaya, kamar waɗanda ake tsarewa a tarhil na Shumaisi, wato inda Saudiyya ke ajiye waɗanda za ta mayar ƙasashensu, ko yaran da aka haifa a can. Jin Hausa ba hujja ba ce, domin ɗan Maraɗi da ɗan Katsina bakinsu ɗaya. Sai an yi wa mutum tambayoyi: ƙaramar hukumarsu, garinsu, hakiminsu, wa za a kira a gida ya shaide shi.

Injiniya Sabo:
Ƙari a kan na Hajiya: rana ɗaya aikin teburi kan koma aikin ceto. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, filin jirgin Khartum ya rufe. Dole ofishin jakadanci ya tattara sunayen ɗalibai, a nemo motocin safa, a bi ta ƙasa zuwa iyakar Masar. A can aka kwana da kwanaki ana jiran izinin shiga. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu daga Aswan, wasu aka kwaso su ta Port Sudan. Babbar matsala a irin wannan ita ce rashin sanin adadi. In mutane ba su yi rajista da ofis ba, ba a san mota nawa za a ɗauko ba. Duk mai ɗa a waje ya sa shi ya yi rajista tun makon farko, ya kuma ajiye hoton shafin fasfonsa a waya da imel.

Ɗan Fagge:
Na gode, Allah ya ƙara sani. To rigar kariyar da ake cewa suna da ita fa? Ke nan in sun yi laifi shi ke nan?

Malam Habu:
A'a. Cikakken jami'in diflomasiyya ba a kama shi, ba a gurfanar da shi a kotun laifi ta ƙasar da yake, ba a shiga ofishin sai da izinin jakada, ba a kuma buɗe jakar saƙonsu. Amma kariyar ta ƙasarsa ce, ba tasa ba. Ƙasarsa na iya cire ta a yi masa shari'a a can, ko ta dawo da shi ta hukunta shi a gida. Mai masauki kuma, a ƙarƙashin sashe na 9 na yarjejeniyar 1961, na iya cewa ba ta buƙatar sa, ta ba shi wa'adin fita. Jami'in ƙaramin ofishi kamar na Jidda kariyarsa ta fi ƙanƙanta: ta tsaya ne a kan abin da ya yi a bakin aiki, kuma idan laifi ne babba, kotu na iya ba da umarnin a tsare shi.