Karen da karayar yatsarsa ta ƙi haɗuwa

Ga abin da masu karnukan gadi da likitocin dabbobi a Garwa suka fi jaddadawa. Yatsar kare da ta karye kan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin ta haɗu, yatsu biyu na tsakiya kuwa sun fi jinkiri domin su ke ɗaukar nauyin jiki. Yawanci abin da ke hana ƙashin kamawa shi ne yawo. A tsare karen a ɗaki, fita sai da igiya, don fitsari da kashi kawai.

Ɗaurin bandeji a ƙafar yana buƙatar kulawa sosai. A sa auduga tsakanin yatsu, a canza bandeji duk mako, kada ya jiƙe. Zafin Maris da Afrilu yana dafa fatar ƙarƙashinsa, da damina kuma ƙuda kan zuba tsutsa. In ƙafar ta kumbura, ta yi sanyi ko wari, a warware ɗaurin nan take, wataƙila ya matse jini.

Ibuprofen da diclofenac na mutane suna lalata ciki da ƙodar kare, kada a ba shi. In wata biyu ya wuce yana ɗingishi, a ɗauki hoton ƙashi. Wani lokaci likita kan yanke yatsar, karen ya koma gudunsa.