Zare: me za mu kira kifin da ba ya taɓa murjani?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani da Hausa kan kiwon kifin teku tare da murjani mai rai a cikin tankin gilashi, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Masu wannan harka kan ce kifi kaza "reef-safe" ne. Ita ce tambayar farko ga duk wanda zai zuba kifi a irin wannan tanki. Na ƙi in rubuta ta da Turanci in wuce, domin wanda bai gane ta ba zai wayi gari ya tarar kifin da ya sayo jiya ya cinye abin da ya shekara yana reno. Kafin mu iso gare ta akwai wasu kalmomi a kan hanya da sai mun share.

2/ Ta farko ba ta da wuya. "Aquarium" ita kanta ƙirƙirar ta aka yi. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifaye na farko a gidan namun daji na Landan, kuma Philip Henry Gosse ne ya yaɗa kalmar a wajajen 1854, daga sunan ruwa a Latin. In su sun ƙera tasu, mu ma sai mu ƙera. Na ɗauki "tankin kifin ado", don a bambanta da na masu kiwon kifin ci. Wanda aka yi musamman don murjani kuwa, "tankin murjani". Shi ke nan.

3/ A kan "coral" ne aka fara jan zare. Na ga an rubuta "duwatsun teku", na ga "furen teku". Duk biyun ina roƙon mu bar su. Wanda aka ce wa dutse ne zai ajiye shi kamar dutse, ba zai damu da zafin ruwa ko gishirinsa ba. Wanda aka ce wa fure ne ba zai san yana da baki ba. Dabba ce. Ƙananan halittu ne birjik, kowace da bakinta da 'yan hannuwa masu harbi kewaye da bakin, suna zaune manne da juna. Masu tauri a cikinsu suna tsotso sinadarin alli daga ruwan teku su gina wa kansu ƙwarangwal, sabon gini a kan tsohon gini, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma a duniya yana gaɓar Kwinslan a Ostiraliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300.

Muna da kalma tun kaka da kakanni: murjani. Ta zo mana daga Larabci, kuma duk mai karanta Suratur Rahman ya san ta tare da lu'ulu'u.

4/ Wani malami ya yi mini gyara a kan wannan, gyara mai kyau. Ya ce murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan nan na ado, shi kuwa ba ya gina tudu. Malam, Allah ya ƙara basira, haka yake. Jan murjani a Bahar Rum aka fi samunsa, a wurare masu duhu, cikin kogo da zurfin ruwa, bai dogara da rana ba. Sai dai dangi ɗaya ne da wanda muke magana a kai, kuma sunan ya isa ya ɗauke su duka. Mu ce "murjanin ado" ga wancan, "murjani mai gini" ga wannan. Ginin da suka yi, wato "reef", mu kira shi "tudun murjani". Na so "tsauni" saboda girma, amma tsauni yana kai hankalin mutum sama, shi kuwa wannan a ƙarƙashin ruwa yake.

5/ To, mu dawo kan kalmar da ta hana ni barci.

An ba ni "mai lafiya ga murjani". Wannan Turanci ne aka sa wa riga, ba wanda zai faɗe ta a magana. An ba ni "wanda ba ya cin murjani". Ta fi kusa, amma ta yi gajarta. Tankin murjani ba murjani kaɗai ke ciki ba. Akwai jatanlande, akwai ƙananan kaguwa, akwai dodon-koɗi da ke share gansakuka daga gilashi da duwatsu. Kifin da ake kira tiriga, mai haƙora masu fasa ɓawo, yana iya kawar da kai daga murjani ya ƙarar da waɗannan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Bai ci murjani ba, amma ya rusa gidan.

Abin da ake nufi a gaskiya shi ne: kifin da za ka kashe fitila ka kwanta, ka bar shi da duk abin da ke cikin tankin, hankalinka kwance. Bahaushe yana da suna ga wannan. Amana. Shi ya sa nake ba da shawarar "kifin amana".

6/ Da muka samu wannan, sunayen sauran rukunan kifi biyu suka biyo da kansu. Akwai kifin da masu kiwo ke cewa a sa shi amma da taka-tsantsan, irin ƙananan kifin mala'ika, waɗanda ɗaya zai shekara bai taɓa komai ba, ɗan'uwansa kuwa ya kama tsakurar murjani tun satin farko. Wannan "kifin sa-ido". Sai wanda bai kamata ya shiga ba sam: yawancin kifin malam-buɗe-littafi, waɗanda murjanin ne abincinsu a teku, da kifin aku mai kankare murjani da bakinsa ya fitar da shi yashi, da kifin zaki mai dafi a ƙaya wanda ke haɗiye duk ƙaramin kifin da ya shiga bakinsa. Wannan "kifin ware", wanda ake yi masa tankinsa daban.

Wata yaya ta ce a kira na ukun "maci amana". Yaya, kalmar ta zauna a baki, amma ba na so mu ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. Hali zanen dutse. Wanda ya ba kura ajiyar nama shi ke da tambayar amsawa.

7/ Amana tsakanin kifi da murjani ke nan. Tsakanin kifi da kifi wata magana ce daban, wadda suke kira "compatibility", kuma "jituwa" ta wadatar. Kifi yana iya zama na amana ɗari bisa ɗari amma ba ya jituwa da kowa. Ƙananan kifayen damsel misali ne: ga kyau, ga juriya, ba sa taɓa murjani, amma da sun riƙe wani lungu sai su hana kowa sakat. Wannan hali na kira shi "kishin gida". Daga nan ne ƙa'idar zubawa ta fito: a fara da masu sanyin hali su san wuri, mai kishin gida ya zo a ƙarshe ya tarar kowa ya kama ɗakinsa. Haka kuma kifaye biyu masu kama da juna a siffa da launi sun fi saurin faɗa, domin kowane yana ganin ɗayan kishiya ce a kan abinci ɗaya da maɓoya ɗaya.

8/ Kifin "tang" na ba shi suna da farin ciki: "mai aska". Yana da wata ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, ɗaya a kowane gefe, da ita yake yankan abokin faɗa, tana kuma iya yankan hannun mai kiwo. Sunan da kansa gargaɗi ne. Kifin amana ne, gansakuka yake ci, sai dai yana son dogon wuri na iyo, ƙaramin tanki kurkuku ne a gare shi. Rawayan nan da ya yi suna a tekun Hawayi aka fi saninsa.

Shi kuwa ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara, wanda suke kira "clownfish", kada mu fassara sunan, babu abin wauta a tare da shi. Yana zaune cikin hannuwa masu harbi na anemoni, wata dabbar teku 'yar uwar murjani, wata yauƙi a jikinsa tana kare shi. Duk da namiji suke farawa, babba a cikin gida ya rikiɗe ya zama mace. Shi ya sa ake sayen ƙanana biyu a bar su su daidaita da kansu, ba manyan mata biyu ba. Ni "ɗan ɗamara" nake kiransa.

9/ "Quarantine" muna da ita: killacewa. Sabon kifi ya yi 'yan makonni a tankinsa daban kafin ya shiga cikin jama'a. Dalilin yana da nauyi. Maganin da aka fi yi wa cutar farin ɗigo da shi yana da sinadarin jan ƙarfe, shi kuwa wannan yana kashe murjani da jatanlande da dodon-koɗi. In cutar ta shiga tankin murjani ba dama ka zuba magani a ciki.

10/ Yanzu haske, inda nake ganin kalmar da muka saba da ita za ta yaudare mu. In ka ce "fitilar tanki", mai sauraro zai ji abin da ake kunnawa don a ga kifi da kyau. Ga kifi haka ne, kusan kowace fitila ta ishe shi. Ga murjani mai gini kuwa haske tuwo ne. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, suna karɓar haske su sarrafa abinci kamar yadda ganye ke yi, su ba murjanin mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, shi kuma ya ba su masauki. Sunansu na kimiyya "zooxanthellae", harshe ba ya juyuwa da shi. A rubutu na ce "gansakukar ciki". A magana na fi son "'yan haya", domin suna zaune a gidan wani suna biyan haya da abinci.

Saboda haka abin da suke aunawa da haruffan PAR, wato ɓangaren haske da 'yan hayan ke iya amfani da shi, daga nanomita 400 zuwa 700 a ma'aunin tsawon zangon haske, mu kira shi "hasken ciyarwa". Murjani mai laushi masu kiwo kan ba shi tsakanin 50 da 150 a ma'aunin, mai rassa irin Acropora kuwa 200 zuwa 400. Shi ya sa ake ɗora mai rassa a saman duwatsu kusa da fitila, mai laushi a ƙasa. Idon mutum ba ma'auni ba ne a nan: shuɗin haske yana yi mana kamar dishi-dishi alhali ga murjani yana da ƙarfi ƙwarai.

11/ Me ya sa shuɗi? Ruwa yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne ke kaiwa zurfi, da shi murjani ya saba. Lambar Kelvin da ake rubutawa a jikin fitila, 10,000 zuwa 20,000 a tankin murjani, "launin haske" take nunawa, ba ƙarfinsa ba: lambar na hawa, shuɗin na ƙaruwa. Awannin da fitila ke kunne, galibi 8 zuwa 12, "yinin tanki". Fitilun LED na yanzu ana saita su su yi asuba a hankali su yi magariba a hankali. Wannan tausayi ne ga kifi ma, domin haske da ya faɗo kwatsam cikin duhu yana firgita su, wasu har su yi tsalle su faɗo waje.

A nan ne zaɓen kifi da zaɓen haske suke haɗuwa. Kifi ya yi yawa, kashinsu ya zama taki, ga haske mai ƙarfi a sama, sai gansakukar waje ta tashi ta lulluɓe murjani.

12/ "Bleaching". Kada mu ce "bilicin", za ta kai hankali wani wuri daban. Abin da ke faruwa shi ne, in zafin ruwa ya wuce kima ko haske ya yi yawa farat ɗaya, murjani ya kori 'yan hayarsa. Launinsa ya tafi tare da su, farin ƙwarangwal ya bayyana ta cikin naman. Duniya ta ga wannan a tekuna da yawa a 1998, aka sake gani a babban tudun Ostiraliya a 2016 da 2017. A tanki ma yana faruwa, in zafi ya haura digiri 24 zuwa 27 na ma'aunin Celsius da ake riƙewa, ko aka ɗauko sabon murjani aka dasa shi gab da fitila ba a bari ya saba ba. Kalmata "koɗewa", yadda zane ke koɗewa a rana. Ina son ta domin ba ta ce ya mutu ba. Murjanin da ya koɗe yana da rai, yunwa yake ji, in aka gyara ruwa da haske da wuri 'yan hayan suna iya dawowa. Wanda ya ji "ya mutu" zai ciro shi ya yar.

13/ Saura ɗaya da na bari da sunanta na aro, anemoni, kuma a nan nake neman taimakonku. Sharaɗina uku ga duk sunan da za ku kawo: ya nuna dabba ce, ya nuna tana harbi, ya kuma nuna ba ta zama wuri ɗaya. Tana jan jiki ta bar inda ka ajiye ta in hasken wurin ko gudun ruwan bai yi mata ba, ta harbi duk murjanin da ta gifta a hanya. Malamai da iyaye, ina sauraro.