Zuwa garin Nassau na bakin kogin Lahn: yini ɗaya zai isa daga Frankfurt?

Ɗan Gusau a Hessen:

Salamu alaikum jama'a. Mahaifiyarmu ta zo mana ziyara nan kusa da Frankfurt a Jamus, kuma ina son in fita da ita wani tsohon gari da ba shi da cunkoso kafin ta koma a farkon Nuwamba. An ba ni shawarar Nassau, wai can ne tushen gidan sarautar Holan. Mu uku ne da yaro ɗan shekara biyu, ba mu da mota, kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Wace hanya ce ta jirgi? Hawa zuwa tsohuwar fadar garin, Burg Nassau, yana da wuya? Akwai abin gani da ya kai a kashe kuɗin tikiti? Sai maganar abinci da salla.

Malam Na-Lahn:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yini ɗaya ya isa har da saura, amma ka daidaita tsammaninka tun daga gida. Burg Nassau ba irin fadar nan ba ce mai ɗakunan zinariya da kujerun sarakuna. Hasumiya ce ɗaya, da babban zaure ɗaya, da ragowar ganuwa, a kan tsauni mai tsayin kusan mita 120 sama da kogin. An gina ta wajajen shekarar 1100, amma daga baya masu ita suka daina zama a ciki ta zama kango. Yawancin abin da ido zai gani yau gyara ne da aka fara a 1976, aka bi wani tsohon zane na ƙarni na 17 wajen mayar da kan hasumiyar. Wanda ya shiga bai san labarin ba, minti talatin ya gama ya ce an cuce shi. Sunan ya fi ginin girma nesa ba kusa ba, don haka ga labarin a taƙaice, ka ba Hajiya a jirgi.

Masu sarautar Laurenburg ne suka gina ta, wani ƙaramin wuri da za ku wuce ta gefensa in kun taso daga Limburg, garin da za ku canza jirgi. Wajen 1160 suka bar tsohon sunansu suka koma kiran kansu da sunan Nassau. A 1255 'yan'uwa biyu, Walram da Otto, suka raba ƙasar gidan, kogin Lahn ya zama iyaka: Otto ya ɗauki arewa, Walram ya ɗauki kudu. Fadar kuwa ba a raba ta ba, aka bar ta ta kowa, kamar gidan gado da 'ya'ya suka yarda ba za a sayar ba amma ba wanda ya ɗauki nauyin yaɓe. Daga zuriyar Walram aka sami Adolf wanda ya yi sarautar Jamus daga 1292 zuwa 1298. Daga nan ne kuma wani Adolf ɗin ya fito, wanda Prusiya, babbar masarautar Jamus ta lokacin, ta ƙwace masa ƙasar Nassau a 1866, sannan a 1890 ya zama mai mulkin Luksambur, inda zuriyarsa ke kan gado har yau. Zuriyar Otto ita ta haifi Wilhelm da aka haifa a Dillenburg a 1533, ya gaji sarautar Oranje ta kudancin Faransa a 1544, ya jagoranci tawayen mutanen Holan a kan Sifaniya. Shi ya sa gidan sarautar Holan ke amsa sunan Oranje-Nassau. Kuma sunan ya yi tafiya: babban birnin Bahamas daga nan ya samo nasa, haka ma sansanin Nassau da 'yan Holan suka gina a Moree, gaɓar tekun Gana, a 1612.

Batun hawa. Tashar jirgi da garin suna gefen arewa na kogin, tsaunin fadar yana gefen kudu. Za ku tsallaka ta gadar sarƙa, Kettenbrücke, daga nan hanyar ƙafa ta shiga daji tana hawa. Mai lafiya zai yi minti 20 zuwa 30 daga tasha. Hanyar ƙasa ce da saiwoyi da duwatsu, a ƙarshen Oktoba kuma jiƙaƙƙen ganye ya rufe ta, santsi ne sosai musamman wajen saukowa, wanda shi ne ya fi cin gwiwa. Kada ka sa Hajiya ta bi ta nan, kuma keken tura yaro ba zai yi daɗi ba, goyo ya fi. Akwai titin mota da ke zagayawa ta baya har kusa da ƙofar fadar. Ka nemi lambar tasi ta garin tun kwana ɗaya kafin tafiya, ka yi alkawarin kai wa da ɗaukowa, don gari ne mai mutum ƙasa da 5,000, ba za ka iske tasi jere a bakin tasha ba.

Hasumiyar tana da tsayin mita 33, matakala ce zalla. Ku biyu ku hau bi da bi, Hajiya ta zauna a farfajiya, daga can ma ana ganin kwarin da kogin. A ƙasa kaɗan kan wannan tsaunin akwai kufan wata fadar, Burg Stein, da gunkin tunawa da Freiherr vom Stein, wanda aka haifa a Nassau a 1757, ya zama ministan Prusiya, ya tsaya kan dokar 1807 da ta 'yanta talakawan karkara daga zama bayin gona da ta 1808 da ta ba birane ikon gudanar da kansu. Wanda ya sauko da ƙafa zai bi ta wajen.

Injiniya RB23:

Bari in kama maganar jirgi, don nan ne mutane ke asarar kuɗi.

Daga babbar tashar Frankfurt ka ɗauki jirgin yanki zuwa Limburg (Lahn), awa ɗaya da 'yan mintuna. Can za ka canza zuwa layin kwarin Lahn mai zuwa Koblenz, ko RB23 mai tsayawa kowace tasha ko RE25 mai sauri. Daga Limburg zuwa Nassau kusan rabin awa ne. Duka-duka ka ƙiyasta awa biyu da jiran canji.

Tarko na farko: manhajar DB Navigator za ta iya nuna maka ICE, jirgin dogon zango mai tsananin gudu, zuwa Limburg Süd, ka ga minti kaɗan ka yi murna. Limburg Süd tasha ce daban a bayan gari, ba ta kan layin Lahn, sai ka shiga bas zuwa tashar cikin gari, kuma tikitin yanki ba ya aiki a ICE. Ka latsa zaɓin jiragen yanki kaɗai, nur Nahverkehr, kafin ka bincika. Na biyu: ka rubuta Nassau (Lahn) cikakke, don akwai wata Nassau a jihar Sachsen, can gabas. Lambar gidan waya ta wadda kake nema 56377.

Tikiti. In kai da maiɗakinka kuna da Deutschlandticket, tikitin wata na jiragen yanki a duk Jamus, ya ɗauke ku har can, yaro ƙasa da shekara 6 kuma kyauta ne. Amma tikitin na mutum ɗaya ne da sunansa, ba ya ɗaukar baƙo. Kada ka yi wa Hajiya rajistarsa saboda tafiya ɗaya: biyan wata-wata ne, in ba a soke ba kafin ranar 10 ga wata sai a ci kuɗin wata na gaba. Frankfurt da Limburg suna jihar Hessen, Nassau tana Rheinland-Pfalz, saboda haka tikitin jiha ɗaya ba zai rufe tafiyar duka ba. Wanda ke tsallaka jihohi shi ne Quer-durchs-Land-Ticket, tikitin yini ɗaya na jiragen yanki, yana ɗaukar har mutum biyar. Litinin zuwa Juma'a sai ƙarfe 9 na safe yake fara aiki, Asabar da Lahadi kuwa tun tsakar dare. A rubuta sunayen masu tafiya a kai kafin a shiga jirgi. In mai duba tikiti ya same ku ba daidai ba, tarar yuro 60 ce kan kowane mutum, kuma ba ya sauraron "ban sani ba".

Da daddare kafin tafiya ka sake duba manhajar. In ka ga SEV, ana gyaran layi kenan, bas ce ta maye gurbin jirgi a wani yanki, tafiyar za ta yi tsawo kuma da keken yaro akwai wahala. Ranar ka ɗage. Ƙofar jirgin ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli, kuma a ƙananan tashoshi tsayuwar gajeriya ce, ku miƙe tun kafin a iso.

Hajiya Maman Ilham:

Ɗana, ga abin da ya shafi ciki da ibada. A ƙaramin gari irin wannan kada ka dogara da samun naman halal. Mafi sauƙi ku dafa daga gida, shinkafa ko taliya a kula, da shayi a fulas, akwai kujeru a bakin kogi. In kuma za ku ci a gidan abinci, ku riƙe kalmomin nan: Schwein, Speck, Schinken, duk alade ne. Schnitzel in ba a rubuta Pute (talotalo) ko Hähnchen (kaza) ko Kalb (maraƙi) ba, na alade ne. Flammkuchen na gargajiya da Speck ake yinsa, haka miyar dankali da kwaɗon dankali sau da yawa ana barbaɗa shi ba a faɗa ba, sai kun tambaya. Kifin Forelle da dafaffen dankali shi ne mafita mai kyau a wannan yankin. Wajen sha, Apfelschorle ruwan tufa ne da soda, ba komai. Weinschorle giya ce. Kek ɗin nan Schwarzwälder ma da barasa a ciki.

Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna ba duka ke karɓar kati ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, gidajen abinci da yawa kuma Litinin ko Talata ce ranar hutunsu, za ka ga an rubuta Ruhetag a ƙofa. Asabar ta fi.

Salla kuwa, ku yi alwala kafin ku bar gida ku ɗauki darduma mai ledar ƙasa, don ciyawa a jiƙe take a wannan lokacin. Alƙibla kudu maso gabas ce. Ka lura da agogo: Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da shi baya da awa ɗaya. Kafin ranar, magariba wajen shida da kwata; bayanta, biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi. La'asar ma tana matsowa, kada ku shagala. Ka sa wa Hajiya riga mai kauri da safa a ƙarƙashin zani, kwarin yana riƙe hazo da sanyi har hantsi, kan tsauni kuma iska. In yaro ya yi wasa a ciyawa, a duba bayan kunnensa da hammata da bayan gwiwa da dare saboda kaska.

Sarkin Yawo na Koblenz:

Ni ban yarda da a kashe yinin duka a Nassau ba. An yi wa garin ruwan bama-bamai a farkon 1945, tsakiyarsa mafi yawa sabon gini ne. Abin da ya tsira mai kyau: Adelsheimer Hof, ginin katako da farar ƙasa na farkon ƙarni na 17 wanda ya zama ofishin gari, da gidan iyalan Stein na 1621 mai hasumiya. Shi wannan na biyun gidan mutane ne, daga waje ake kallo. Awa ɗaya ta isa a zaga duka.

Tunda tikitinku na yini ne, ku ƙara tasha. Minti goma gaba akwai Bad Ems, garin wankan ruwan zafi da sarakunan Turai ke zuwa a ƙarni na 19, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi a 2021. Ga mai ciwon gwiwa ya fi ko'ina: hanyar bakin kogi shimfiɗaɗɗiya ce, ga kujeru, ga ɗan jirgin Kurwaldbahn da ke hawa tsauni ba tare da an taka matakala ba. A can ne Sarki Wilhelm na Prusiya ya gana da jakadan Faransa a Yulin 1870, Bismarck, firaministan Prusiya, ya gutsure saƙon ganawar ya fitar, yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya. Tsakanin garuruwan biyu ku leƙa ta taga a Dausenau, akwai hasumiyar ganuwa da ta karkace.

Kwalekwalen haya a kan Lahn abin bazara ne, ƙarshen Oktoba ruwan ya yi sanyi, da jariri ma ba a fara ba.

Ɗan Gusau a Hessen:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam Na-Lahn, in mun haɗa da Bad Ems, wanne za mu fara? Kuma fadar a buɗe take kullum?

Malam Na-Lahn:

Nassau za ku fara, tun Hajiya tana da ƙarfi. Ku bar Frankfurt wajen takwas ranar Asabar, ku isa wajen goma, lokacin hazo ya fara ɗagawa. In kun hau da sassafe fari fat za ku gani a ƙasa. Awa ɗaya da rabi a sama, tasi ya sauko da Hajiya da yaro, ku haɗu a bakin gada ku ci abinci ku yi azahar. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ku shiga jirgin Bad Ems, ku juyo kafin magariba. Dawowa ta Limburg ce dai, jirgin zai sake bi ta Nassau.

Lokutan buɗe hasumiya da gidan abincin da ke cikin zauren suna bin yanayi ne, daga Nuwamba abubuwa kan taƙaita, don haka kada ku bari watan ya kama. Fadar tana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta jihar Rheinland-Pfalz, GDKE, ka duba shafinta ko ka kira ofishin masu yawon buɗe ido na Bad Ems-Nassau ranar Alhamis ko Juma'a. Ka tambaye su abu biyu: ko hasumiyar a buɗe take ranar, da ko an kama wurin don biki, domin ana ɗaurin aure a can kuma Asabar ce ranar da aka fi yi. Lambar tasi ma su za su ba ka.