Kafin ka kai wa tela shaddarka

A wata hira da aka yi kan ɗinkin maza, kusan kowa ya yarda tun daga awo kaya ke lalacewa. Ka je da kanka a auna ka. Kafaɗa da tsawon hannu ne ke tona asirin tela. Kaftani da wando yadi 5 ya isa, cikakkiyar babbar riga kuwa sai 10. Matasan telolin da ke tallar aikinsu a Instagram sun iya yanka, amma ka fara gwada su da yadi mai araha kafin ka miƙa musu shaddar Getzner mai tsada da ka sayo a Kantin Kwari. A hirar an sha gardama kan aikin wuya. Ni dai ina bayan aikin hannu irin na Zariya, ko da zai ci makonni. Ɗinkin sallah kuma a kai shi tun kafin azumi.