Filtir ɗin klim: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na aiki ƙanena wajen masu kayan mota na gefen Kasuwar Dole na ce ya sayo min filtir na iska, sai ga shi da na injin, wannan babban da ke ƙarƙashin kapo. Ba laifinshi ba ne, ba kuma laifin mai shago ba, ni ne ban da sunan da zan kira abin da nake nufi. Mota tana da filtir na baƙin mai, na esans ko gazwal, na iskar injin, sai wannan na huɗu da ke tace iskar da mu kanmu muke shaƙa a cikin mota. A jikin kwalinshi an rubuta filtre d'habitacle, wani kwalin filtre à pollen, makanikanmu kuma filtir ɗin klim suke cewa, in ka tsallaka Kano ka ji filtar esi. To da Hausa fa?

Wani zai ce ai filtir ɗin klim ya isa tunda kowa na ganewa. Ni wallahi sunan nan ne ma yake cutar mu. Mutum ya ji klim sai ya ce ni ai ba na kunna klim saboda mai, ko tawa ta daɗe da mutuwa, sai ya manta da abin shekara da shekaru, alhali ko fanka kaɗai ka kunna ta cikinshi iskar ke bi kafin ta bugo fuskarka da ta yaranka. Mu da muke Damagaram, hazon hunturu ya rufe gari har rana ta koma kamar faranti, ga hanyoyin ƙasa na ƙauyuka, ka bi bayan babbar mota ɗaya kawai ka ga abin da ke tashi. Da na ciro nawa ya zama ja wur, har da busassun ganyen dogonyaro a tsakanin ninkin takardar.

Na ga shawarwarin sunaye da kuka turo bayan na yi muku wannan tambayar a nan, na gode. Malam da ya ce rariyar iska, sunan da daɗin faɗa amma ka duba aikin rariya, garin mai laushi shi take saki ta riƙe tsaki, mu kuwa wannan mai laushin shi ne ba mu so ya wuce. Hajiya ta ce takunkumin mota, ma'anar ta zauna sosai don tun korona kowa ya san takunkumin hanci, sai dai kalmar nan yanzu da an faɗe ta hankalin ɗan Nijar wajen takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu a 2023 yake tafiya. Matatar iska kuma, mu nan in aka ce matata SORAZ, matatar man fetur ɗinmu, ce ke zuwa wa mutum a rai, katon wuri, ba abin da za ka riƙe a tafin hannu ba.

Saura mataci, irin na koko, ƙyalle mai ƙananan idanu da ke barin ruwa ya wuce ya tare dusa. Wannan shi ne aikin. Matacin iska kawai zai sake mayar da mu rikicin da ƙanena ya shiga. Matacin ciki kuma, kamar yadda wani yayanmu ya kawo, mai ji zai ɗauka maganin gargajiya ne. Don haka ni ga abin da na tsaya a kai: na injin mu ce matacin iskar injin, namu kuma matacin shaƙa. Gajere ne, kuma sunan da kanshi yana gaya maka hancin wa yake tsarewa.

Wanda bai taɓa ganin nashi ba, a yawancin Toyota irin su Corolla yana bayan ɗan akwatin nan na gaban fasinja inda muke aje takardun mota. Ka matse gefunan akwatin ya sauko, za ka ga ɗan murfi, ka ja mataci ya fito kamar dirowa, ko sipana ba ka buƙata. Wasu motocin yana ƙasan gilashin gaba ta wajen kapo, wasu tsoffin ma babu shi sam. Akwai kibiya a gefenshi, ka lura da yadda tsohon ya zauna ka sa sabon haka. Masu ƙera mota yawanci kilomita 15,000 ko shekara ɗaya suke cewa, amma da ƙurarmu ni duk bidanj, wato sake baƙin mai, sai na ciro na duba, kuma da hunturu ya wuce zan sake sabo. In iska ta rage ƙarfi ko wari na tashi in ka kunna, to ya toshe. Akwai mai gawayi a ciki, shi har warin hayaƙi yana ragewa.

Roƙona ɗaya, kar a wanke shi da ruwa takarda ce, kar kuma a bari wani ya ce cire shi kawai ka yar iska za ta fi ƙarfi. Za ta yi ƙarfi kam, amma ƙurar za ta je ta manne a ƙarfen sanyin da ke ciki wanda kullum yake da raɓa, ta zama laka, kuma sau da yawa sai an kwance tablo kafin a kai gare shi.

Gobe in Allah ya kai mu zan koma shagon in ce a ba ni matacin shaƙa na Corolla, in ya tambaya in yi mishi bayani. Makanikan da ke nan, ku gwada shi a garaji ku faɗa mana ko ya zauna a bakin yaranku.